Yadda Ake Zama Babban Injiniyan Manhaja, Daga Bakin Wanda Ba a Jiransa a Gida

Ranar da matata ta rasu aikina ya fara ci gaba. Kafin nan na yi shekaru ina rubuta manhaja kusa da tagar da ba ta buɗuwa, ba wanda ya san da zamana. Yau ni ne babban injiniya. Kai kuma, Ango, tun da ka dawo hutun aure kake bina har wurin shan shayi kana cewa, "Yaya, don Allah mene ne sirrin?" To ga shi. Ka bi shi daki-daki, na yi maka alkawari girma zai zo, ko kana so ko ba ka so.

1. Ka koyi jan numfashi

In aka turo maka aikin wani ka duba, kada ka wahalar da kanka da karatu. Jingina, cire tabarau, ja dogon numfashi, ka ce, "Yana aiki, amma ni ba haka zan yi ba." Kada ka taɓa faɗin yadda za ka yi. Na karanta littattafai masu kauri a kan sana'ar nan, duk abin da ke cikinsu bai kai numfashin nan amfani ba.

2. Ka rubuta abin da kai kaɗai ka gane

Manhajar da kowa ke iya gyarawa, mai ita ma ana iya sallamarsa gobe. Bar wani lungu mai duhu a cikinta, wanda in an taɓa shi komai ya tsaya cak. Ranar da ya tsaya, kada ka yi sauri. Bari oga ya taso da ƙafarsa, ya tsaya a bayanka yana share gumi yana cewa, "Malam, ya ake ciki?" Sannan ka gyara abin da hannunka ya ɓata. Za a tafa maka.

3. Amsar ita ce "babu"

Kowace safiya muna tsayawa a da'ira gaban allo, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, da wanda zai yi yau, da abin da ya tare masa hanya. Tambaya ta ukun nan tarko ce. Ba a yi ta don a ji amsa ba. Safiyar da na dawo bayan an gama karɓar gaisuwa, rigata ko guga babu, aka zo kaina. Na ce babu. Oga ya dafa kafaɗata ya ce, "Kun ga namiji." Aka wuce kan na gaba, wanda ke kukan kwamfutarsa tana nauyi. Shi har yau yana inda yake.

4. Kife wayarka

Nan ne rauninka. Lokacin tashi na yi sai wayarka ta haska, ka juya mana baya kana murmushi, "Ga ni nan, amarya, yanzu-yanzu." Na gani, oga ma ya gani. Ba a danƙa babban aiki a hannun mutumin da ake jiransa.

Kife ta. Da farko za ta yi ta kira. Daga baya ta koma aiko saƙo. Sannan ta rufe maka abinci a kan tebur, ta daina tambaya. Wannan shi ake kira ci gaba. Ni ban sha wannan wahalar ba, rana ɗaya aka daina kirana. Kai dole ka yi da hannunka abin da ni aka yi mini kyauta.

5. Ka ɗaga hannu

Ana gobe hutu oga zai leƙo ya ce, "Wa zai zauna ya tura sabon gyaran nan?" Kowa zai sunkuya kamar wani abu ya faɗi masa a ƙarƙashin tebur. Kai ɗaga hannu. Ni ina ɗagawa ne don a ofis akwai ƙarar fanka da tarin mai gadi, a gida kuwa agogon bango kaɗai ke magana. Su sai suka kira abin sadaukarwa. Ranar da aka ƙara mini girma oga ya tara jama'a ya ce, "Ban san abin da ya same shi bana ba, amma Allah ya sa ya sami sauranku." Aka ce amin. Har da kai, Ango. Na ji muryarka.

Gargaɗi

Marubucin nan ba ruwansa da duk abin da ya biyo baya. In ka kai matsayin, ka koma gida ka tarar da wadda ta daina ɗago kai in ka shigo, kada ka zo teburina. Girma na ce zai zo, ban ce za ka sami wanda za ka gaya wa ba.

Ni da aka tashi daga taron ƙarin girman na tsaya a bakin matakala, har na latsa lambar matata kafin na tuna. Shekara da shekaru tana tarbata a ƙofa, ta karɓi jakata tana zolayata, "Malam, yau ma ba su gane ka ba?" Abin da zan ce mata ba shi da tsawo.

Uwargida, yau sun gane ni.