Ranar da Madam Zalika ta kashe mini direba

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da bakina ya tona mini asiri a ɗakin malamai na wata kwalej a Tasawa, inda nake koyar da lissafi.

Wani littafin binciken kisan kai ne na saya a Maraɗi, irin wanda ake karantawa ana dariya, gashin jiki na tashi. An tsinci gawar wani Alhaji attajiri cikin rumbun geronsa, jandarman da aka ba binciken kuwa ba abin da ya iya sai shan shayi da baƙar magana. Na kai rabi na aje shi bisa tabarma na tafi sallar la'asar. Kafin in dawo akuyar maƙwabcina ta cinye sauran. (Har yau in ta dube ni sai in ga kamar ta san wani abu da ban sani ba.)

Mai hankali da sai ya yi shiru. Ni kuwa sati biyu ina tallar littafin nan kamar ni na rubuta shi. Har malamai suka laƙaba mini suna Jandarma, ni kuma ina amsawa da ƙirji a buɗe.

Ana haka aka kawo mana sabuwar malamar faransanci daga Mayahi, Madam Zalika. Ba ta da aure, ni ma haka, kuma na riga na fara guge riguna sau biyu. Ranar Talata, lokacin hutun ƙarfe goma, ga direktan makarantar zaune, ga malamai takwas, na gyara murya.

"Madam, in kina son littafi mai kaifi, ga wanda zan ba ki shawara. Amma ni tun shafi na arba'in na gano mai kisan. Direban Alhajin ne. Aikin ƙwaƙwalwa ne kawai, Madam, ƙwaƙwalwa!"

Ta aje kofinta a hankali, ta kira ni yadda ake kiran malami namiji da faransanci. "Mushe, wane direba? Mai tabon goshi?"

"Shi fa!"

"Ai shi ne gawa ta biyu. A babi na tara an tsamo shi daga rijiya. Ko bayan ya mutu ne ya ci gaba da kisan?"

Direkta ya shaƙe da shayi. Malamin tarihi ya faɗi bisa benci yana buga cinya. Ni kuwa, maimakon in rufe baki, sai na ji kaina na ce, "Wataƙila bugu na biyu kika karanta."

"Wataƙila," in ji ta. "Kai kuma bugun da ba shi da ƙarshe."

Dole na faɗi maganar akuyar. Kafin a tashi, har mai gadin ƙofa ya ji labari.

Washegari ta aiko mini da nata littafin, cikakke. Na karanta har ƙarshe, kuma wallahi ya fi yadda nake yabonsa, ku neme shi. Wanda ya yi kisan dai ba zan faɗa muku ba. Na koyi cewa jahilci ba ya kunyata mutum sai ya samu masu sauraro, ni kuwa har kujeru na jera musu.