Ranar Da Na Ture Maigidana Saboda Sitika

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na jefa maigidana cikin shukar fulawa a unguwar Ma'adi ta Alƙahira. Shekara goma sha ɗaya ina manna wa Adaidaita Sahu sitika a Kano kafin rayuwa ta wurgo ni Masar, na koma mai ban ruwan lambu a gidan Bature (a aji huɗu na bar boko, amma a harkar ado ko mai digiri ya kauce).

Wata rana ya ga kekena da na ƙawata, sai ya fito da wani dogon allo kamar kwalekwalen da aka danne, ya ce na wasa ne a teku, in yi masa ado irin wannan. Ban tambayi komai ba. Gwani da tambaya?

Na je unguwar Faisal wajen masu tuktuk, Adaidaita Sahun can, na zaɓo kaya. Ido biyu a goshi, ɗawisu a gefe, jan layi mai ƙyalli. A tsakiya, inda ya fi faɗi, na shimfiɗa ƙatuwar "Masha Allah" ruwan zinare. Abin da zai shiga teku ai ya fi mota buƙatar tsari. Wallahi ko iska ba ta maƙale ƙarƙashin sitika ɗaya ba.

Da ya gani ya yi ta tafi. Ya kwantar da allon a ciyawa, ya cire takalmi, ya ɗaga ƙafa. Kan sunan Allah zai ɗora ta!

Ban san lokacin da na bangaje shi ba. Sai ga ƙafafun Bature a sama. Na ce shi ke nan, aiki ya tafi.

Hajja Sa'adiyya, mai girkinmu Bahaushiyar Sudan, ta leƙo tana dariya har da riƙe ciki. "Kai ɗan'uwa, tsayuwa fa ake yi a kai! Ka ɗauka akwai kujera?"

Ita ta yi masa bayani, ni kuwa ina ta ba shi haƙuri, "ma'alish, ma'alish". Ya karkaɗe jiki, ya daɗe yana kallon allon, ya ce aikin ya fi ƙarfin a ɓare. Yau yana rataye a falonsa, baƙi na ɗaukar hoto, babu shegen da ya taɓa tambayar sunana.

Tun daga nan, ko tabarma aka ba ni in yi wa ado, sai na fara tambayar inda ake taka ta.