Tsattsewar da Aka Sa wa Bula

"Lafiya lau, Ango, sai ganinka. Wa ya bar ka ka hawo bene uku da wannan gwiwar?"

"Gwiwar da ta yi yawo da ubanki a wuya? Janyo min kujera, Amarya, da kaya na zo."

Tsohon kakanta ne na wajen uba. Shekara arba'in da biyu ya yi yana wanki da guga kafin 'ya'yansa su karɓe shagon, wai ya huta, hutun kuwa ya ishe shi har wuya. Ita jikar tana aiki a ɗakin ajiyar tsuntsaye na jami'a, inda ake karɓar matattun tsuntsayen daji, a feɗe su, a cusa musu auduga, a jera su a durowa saboda masu bincike. Tun ranar da ta zagaya da shi ya ga kowane tsuntsu da 'yar takarda a ƙafa, ɗauke da sunan wanda ya tsinto shi, har da mutanen da suka rasu kafin a haife shi, abu ɗaya ya tsaya masa a rai: sunansa ya shiga durowar nan. Ya ma riga ya shaida wa abokan hirarsa na bakin shago cewa zai shiga. Ya taɓa gwadawa sau ɗaya da wata kurciya da ta kwana uku a aljihunsa, jikar ta kore su tare, shi da kurciyar.

Yau ya zo da shirinsa. Ya ɗora wani kwalin riga a kan dogon teburin ƙarfe, ƙarƙashin fitilar nan mai lanƙwasasshen wuya, ya dafe murfin da hannu biyu.

"Kafin ka buɗe," in ji ta, tana sa safar hannu, "in toshe hancina ko in kira masu kwasar shara?"

"Ki kira mai ɗaukar hoto. Kwana biyu ta yi a firjin kakarki, cikin leda biyu, kamar yadda kika ce. Har yanzu ba ta yi min magana."

"Tsuntsuwar?"

"Kakarki. Ta buɗe za ta ɗauko nama ta ci karo da baƙuwa."

"Ai ta yi haƙuri da kai. Da ni ce, kai zan sa a firjin in fito da tsuntsuwar."

"Shi ya sa na ƙi tarewa da ke. Mace tana yini da gawa, ta dawo gida ta ce za ta tuƙa min abinci."

"Gawar ta fi ka jin magana. Inda na ajiye ta nan nake tarar da ita."

Ya ɗaga murfin a hankali, ya buɗe farar takardar da ya naɗe ta ciki, irin naɗin da yake yi wa rigunan manyan mutane. Tsattsewa ce, 'yar ƙarama, fukafukanta a haɗe, jelarta mai reshe biyu a miƙe sak. Ya ce a gindin dogon ginin nan mai gilashi ya tsince ta, ta yi karo da bango ta faɗo, jikinta da sauran ɗumi. Yana faɗa yana kallon fuskar jikar, yana jiran yabo.

Jikar ta sunkuya, ta janyo fitila, sannan ta shinshina. Ta juya tsuntsuwar ta dubi ƙirjinta, ta daɗe tana kallo.

"Ango, me ka yi wa baiwar Allahn nan?"

"Wanka."

"Da me?"

"Da sabulu mana, da toka zan yi? Duk ƙura ce a jikinta, ga jini a baki. Ni in kawo wa jami'a kaya da datti? Ɗauraya uku na yi mata, na shanya ta a gaban fanka."

"Ƙirjin nan fa? Tsattsewa na sani, ban taɓa ganin mai shuɗin ƙirji haka ba."

"'Yar bula na ɗiga. Farin ya dushe, sai ka ce tsohuwar singileti."

"Bula. Ka sa wa tsuntsuwa bula."

"Sitati ma na so sa wa jelar, na ga tana tsayawa da kanta."

"Allah Ya sa ba ka goge ta ba."

"Kakarki ta ɓoye dutsen guga."

Ta yi dariya har ta dafa tebur, shi ma ya taya ta, don a zatonsa ya ci nasara. Amma da dariyar ta lafa sai ya ga ta cire safar hannu ɗaya ta zauna, muryarta ta koma ta aiki. Ta yi masa bayani cewa dattin nan da ya wanke shi ne rabin abin da suke nema: ƙurar ƙafa, ƙwarin da ke maƙale a gashi, duk suna faɗin inda tsuntsu ya bi. Launin ƙirjin kuwa aunawa ake yi a gwada da na sauran, kuma babu mai binciken da zai auna bula. Ta ce ba za ta iya kwantar da ita cikin 'yan'uwanta ba, ko da kakanta ne ya kawo.

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya yi iyakar gwanintarsa, gwanintar ce kuma ta ɓata aikin. Ya tuna fuskokin abokan hira, musamman mai gyaran agogo, wanda ba ya mantuwa da cika bakin kowa. Bai bari ta gani ba. Ya soma mayar da takardar yana daidaita gefunanta.

"Ba komai. Dama an gaya min masu digiri ba su san tsafta ba."

"Mun sani. Mun dai san bambancin tsuntsu da wando."

"Ki riƙe durowarki. Zan buɗe tawa a gida, kowane tsuntsu da ƙamshinsa."

"Sai ka nemi wani firjin, da wata matar."

Har ya rufe kwalin, sai ya tsaya ya laluba aljihun gaba. Ya ce saura abu ɗaya, don shi tun yana yaron shago ba a taɓa kama shi da riƙe abin da ya tarar a jikin kaya ba. Kafin ya jiƙa kowace riga sai ya zazzage ta, ko maɓalli ne ya adana wa mai ita. Ya fito da 'yar ƙaramar ambulan ya tura mata a kan tebur, ya ce tunda tsuntsuwar ba ta da magada, su da suke dangin matattu su karɓa.

Jikar ta zazzage ambulan ɗin a tafin hannunta. Wani ɗan zoben ƙarfe ne ya faɗo, bai kai ƙwayar wake ba.

"A ina ka samo wannan?"

"A ƙafarta ta dama. Da filaya na buɗe shi, a hankali, kada ruwa ya sa ya yi tsatsa. Da alama matar aure ce."

Ta ɗauko gilashin ƙara girma ta karanta lambobin da ke jikin zoben, leɓɓanta na motsi. Sannan ta juya ambulan ɗin. A bayanta an maƙala 'yar takarda da fil, irin wadda masu wanki ke maƙala wa kaya, da rubutunsa mai jirkicewa: ranar da ya tsince ta, da wata, da shekara, ƙarfe bakwai da kwata na safe, gindin ginin gilashi ta ɓangaren gabas, kusa da famfo.

"Wa ya ce ka rubuta duk wannan?"

"Wa zai ce? Kaya ya shigo hannuna ba lamba, ba rana? Ke kin ɗauka da ka na riƙe rigunan unguwa guda?"

Ta fita da sauri, ta dawo da shugabar sashen, wata dattijuwa mai furfura da tabarau rataye a wuya. Shugabar ta gaishe shi da ladabi, ta duba zoben, ta duba takardar, ta sake duba zoben. Ta ce masu bincike na wata ƙasa can ƙetaren teku ne suka sa wa tsuntsuwar shi, kuma yau za a rubuta musu a ji ranar da suka sake ta da wurin. Ta ce cikin shekara ashirin sau biyu kawai aka kawo musu tsuntsu mai zobe, duka biyun kuma masu kawowar sun kasa tuna ranar da suka tsinta, sai labarin ya tsaya rabi. Wannan ne na farko da ya zo da farkonsa da ƙarshensa. Gashin dai ya tafi, amma za su adana ƙasusuwan da ɗan nama da zoben, da fiffike ɗaya a shimfiɗe.

"Baba, kun yi mana babban aiki," in ji ta. Ta ɗan shinshina iska, ta dubi jikar, ta koma ofishinta ta bar ƙofa a buɗe.

Tsohon ya gyara zama, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, gwiwar ma ta manta da ciwonta. Daɗi ya cika shi har yana jin kunyar yadda idonsa ke neman kawo ruwa. Jikar ta ɗauko sabuwar takarda da alƙalamin da tawadarsa ba ta gogewa, ta rubuta sunan tsuntsuwar, ta kwafe ranarsa da wurinsa kalma da kalma.

"Dole in rubuta gaskiya a ƙasa fa: an wanke da sabulu, an sa bula. Shekara ɗari masu zuwa za a karanta a yi maka dariya."

"Rubuta. Ki ƙara da ɗauraya uku, kada su zaci aikin koyo ne."

Ta ƙara. Sannan ta zo layin wanda ya tsinto, ta rubuta cikakken sunansa da na mahaifinsa, harafi bayan harafi, ta juyo masa da takardar. Ya karanta sau biyu, yana bin rubutun da yatsa ba tare da ya taɓa ba.

"To, Ango," in ji ta ƙasa-ƙasa, "na sallama. Yau ka fi ni iya aikina."

Ya kara hannu a kunne. "Me kika ce? Kin san tsufa."

"Na ce ka fi ni."

"Firjin nan naku ya cika ƙara. Ɗaga murya."

Ta miƙe tsaye, ta faɗa da ƙarfi har dariyar shugaba ta jiyo daga ofis. Shi kuwa tun na farkon ya ji sarai. Ya tura mata kwalin da tsuntsuwar, yana dariya yana share ido da bakin hannun riga.

"Karɓi, Amarya, na ba ki ita. Ki kama ta da hannu mai tsafta, wankakkiya ce."