Nomau da Jiniyar Gidan Kaji

A Tungar Ɗorawa an yi wani mutum mai suna Nomau, ƙaƙƙarfa, mai fara'a, wanda ba a taɓa jin ya yi musu da kowa ba. Aibinsa ɗaya ne: yadda magana ta fito daga bakinka haka yake ɗaukarta, ba ya leƙa bayanta. Yana zaune da matarsa Tabawa mai ƙuli-ƙuli a wani sashe na gidan yayansa Mati. Shi Mati gidan kaji gare shi can bayan gari, sai an tsallake fadama, kuma da kajin nan gidan duka yake ci. To, a shekarar nan ɓarayi suka sa shi gaba. Duk ranar kasuwa, da gari ya watse, sai a tarar an yanke raga an yi awon gaba da kaji. Da abin ya ishe shi, ya ɗauko Malam Nafi'u mai haɗa wutar sola daga birni, don ya sa masa jiniya wadda za ta yi kururuwa da zarar an taɓa ƙofa ko raga. Ranar da aka sauke kayan, Nomau bai iya cin tuwo ba don murna.

Wata rana aka fara aiki. Mati ya dage sai an ajiye batir a zaurensa don kada a sace, jiniya kuwa a kafa ta a kan turke a gaban gidan kaji. Malam Nafi'u yana kan tsani ya ce wa Nomau ya je ya kwaso masa wayoyin nan duka. Nomau ya suri daro ya faɗa gari, gida gida, yana cewa injiniya ya ce a kawo waya. Mutane suka zaci caji za a yi musu kyauta, har da masu biyo shi da gudu. Ya dawo yana haki, ya dire daro cike da wayoyin salula a gindin tsani, wasu suna ƙara. Malam Nafi'u ya duba ƙasa, ya nuna masa nannaɗaɗɗiyar wayar wuta da ke jingine a bango tun safe. Kafin kowa ya gane tasa a cikin daron nan, sai da rana ta take.

Wata rana aka ce za a gwada. Gari ya taru a gidan kaji, mata sun toshe kunnuwan goyonsu, Nomau a sahun gaba yana ta tsalle. Malam Nafi'u ya buɗe ƙofa. Jiniya ta yi wani ɗan kuka kamar ɗan tsako mai mura, ta yi shiru. Aka fashe da dariya, fuskar Mati ta haɗe. Malam Nafi'u ya ciro mitarsa ta awon wuta. Ya auna a zaure, ƙarfin wuta sha biyu cif. Ya auna a gindin jiniya tana kuka, ko tara bai kai ba. Ya bayyana wa Mati cewa jiniya lafiyarta lau, tafiyar ce ta yi nisa, wutar zubewa take yi a hanya kafin ta iso. Nomau ya ji, ya riƙe. Washegari Tabawa ta tashi ɗora girki ta nemi kwano ko ɗaya ta rasa. Ta bi sawu, ta tarar da kwanukanta jere a ƙarƙashin waya tun daga ƙofar gida har fadama, mijinta yana bi yana rufe su da faifai. Rana ta gasa su, sun yi zafi zau. Ya kamo hannunta ya ɗora a kan ɗaya, idonsa yana ƙyalli.

"Taɓa ki ji, Tabawa. Ta fara taruwa."

Wata rana ya ji Malam Nafi'u yana gaya wa Mati cewa wayar nan ta yi siriri da yawa, idan ba ta yi kauri ba wuta ba za ta isa da ƙarfinta ba. Tausayin waya ya kama Nomau. Shi dai ya san yadda ake ƙibar da rago. Ya kwaɓa dusa da man gyaɗan da Tabawa ta matse don kasuwa, ya bi waya yana shafa mata, yana lallashinta ta ci. Kafin la'asar awakin Tungar Ɗorawa sun ji ƙamshi. Suka lashe dusa, suka zarce da roba, suka tsinka waya wuri wuri. Malam Nafi'u ya wuni yana ƙulle-ƙulle, kuma ya ce kowane ƙulli ƙara cin wuta yake. Mati ya rantse ba zai sake barin ƙanensa kusa da aikin nan ba. Nomau ya zauna a bayan ɗaki yana mamakin yadda awaki ba su da kunyar cin abincin mara lafiya.

Wata rana kuma Malam Nafi'u ya leƙa zaure ya tarar maƙwabta sun maƙala wayoyinsu sun tsotse wutar tas, ya yi tsaki ya ce batir ya mutu. Nomau ya cire hula. Ya tafi gona a guje, ya durƙusa gaban yayansa ya ce a yi haƙuri, an yi rashi a zaure. Mati ya yar da fartanya, ya iso gida ba takalmi, manoma biye da shi suna salati. Suka tarar da Malam Nafi'u ya mayar da mamacin kan sola, har ya fara farfaɗowa. Nomau ya fi kowa farin ciki.

Wata rana, ranar kasuwa, Malam Nafi'u ya shirya zuwa birni sayen waya mai kauri. Da bai ga kowa a gida ba sai Nomau, ya kira shi ya ce kada ya rabu da batirin nan ko nan da can, kuma kada ya bari a bar shi a cire: jan baki a kan ja, baƙi a kan baƙi. Bai daɗe da fita ba Mati ya shigo zai wuce kasuwa, hankalinsa a tashe, don kajin sun isa sayarwa kuma ya san yau ce ranar ɓarayi. Ba shi da wanda zai aika. Ya ce wa Nomau ya je ya zauna a gindin jiniya, idan ta yi ko da tari ne ya rugo ya faɗa.

Nomau ya tsaya a zaure yana juya maganganun biyu. An ce kada ya rabu da batir, an ce ya je gindin jiniya. Can fuskarsa ta washe. Ya ɓalle batir, ya yi gammo, ya ɗora a ka, ya bi ta fadama yana nishi. Da ya dire shi a gindin turke sai ya tuna an ce kada a bar shi a cire. Ya ɗaga kai ya ga jelar wayar jiniya biyu, ja da baƙa, inda Malam Nafi'u ya feɗe roba don awo. Ya maƙala ja a kan ja, baƙi a kan baƙi.

Jiniya ta ɓarke da wata irin kururuwa da garin bai taɓa ji ba. Nomau ya faɗi zaune. Kaji suka ruɗe, jakuna suka tsinke igiya, kasuwa ta tashi gaba ɗaya ta nufo fadama da sanduna, mai nama da wuƙarsa, Tabawa da muciya. A bayan gidan kaji kuwa, inda Nomau bai ko leƙa ba, wasu ƙarti biyu sun riga sun yanke raga sun cika kwanduna. Suka watsar da kwandunan suka haye babur, babur ya nutse a laka, aka kama su suna turawa.

Ana cikin haka Malam Nafi'u ya iso, don tun a tasha ya jiyo ƙarar ya fasa tafiya. Ya dafa mita a gindin jiniya, ya ga sha biyu, ya yi dariya har da riƙe ciki. Da ihu yake gaya wa Mati a kunne cewa a gina wa batir ɗan ɗaki mai kwaɗo a nan, tafiya ta ƙare, ba sai an sayi wata waya ba. Mati yana rungume da kaza, yana ta gyaɗa kai.

Jiniya dai ba ta fasa ba, kunnuwa sun fara ciwo. Mati ya juya ga ƙanensa da ke tsaye kusa da turke.

"Nomau, ya isa haka, kashe ta."

Nomau ya dubi yayansa, ya dubi jiniya. Ya matsa ya tare turken da jikinsa, ya buɗe hannuwa.

"Haba Yaya. Ita da ta cece mu yau? Wallahi ba da hannuna ba."