Farfesa Santsi da Faranti Mai Lungu

A duk jami'ar nan babu kamar Farfesa Santsi. Shi ya faɗa, ni kuma shaida ne, don ni nake aske masa gemu kullum da safe a gaban madubi.

Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan, saboda santsi yake aunawa. Ga yadda abin yake: ɗauki farantin ƙarfe, ka ɗumama bakinsa. Idan ka san zafin da ke gefe, lissafi zai gaya maka yadda zafin zai bazu a ciki, ko sumul, ko da gargada. Talakawan masana suna auna wannan santsin da ɗaya, biyu, uku. Farfesa kuwa tsakanin ɗaya da biyu ya shiga, ya yi ta yanka sala-sala, shekara ashirin bai fito ba.

Duk martabarsa a kan ƙa'ida ɗaya take, wadda ya wallafa yana matashi: in dai gefe sumul yake ɗumama, ciki ma sumul ne, kowane irin faranti. Ita ta ba shi kujerar farfesa da ofis mai labule. Shafin farko na wallafar yana cikin gilashi a falo, sama da hoton aurensa.

"Mu huɗu ne a duniya muka fahimci wannan fanni," yakan gaya wa matarsa. "Biyu sun tsufa, ɗaya kuma ba na yarda da shi."

"Allah ya ƙara basira, Malam," takan ce. "Ɗaga ƙafarka in share."

Wata Talata editan wata mujalla ya aiko masa da maƙalar wata matashiyar malama don ya tantance. Al'adar aikin ita ce mai tantancewa ba ya bayyana sunansa. Farfesa ya yi abin da kowane babban masani yake yi: ya tsallake shafi talatin ya tafi ƙarshe, jerin manazarta, yana neman sunansa. Ya bi da yatsa har sau biyu. Babu!

Kai, ranar har shayinsa ya huce. Ya rantse sai ya ga bayan maƙalar nan. Mutumin da rabonsa da lissafi na gaske tun gashinsa na baƙi, sai ga shi ya rufe ofis sati uku, alli har cikin gira. A mataki na uku na lissafin maƙalar ya kama ta. Ya zana faranti mai lungu, wanda aka yanke wa kusurwa ɗaya ta shige ciki, ya nuna cewa a daidai lungun nan santsi yana watsewa, komai kyan zafin gefe. Wallahi aikin ya yi kyau. Har hawaye na ga ya taru masa.

Ya rubuta wa edita: "Mataki na uku shirme ne. Duk wanda ya fara ƙirƙiro shi ya kamata a mayar da shi aji ɗaya. Sannan abin kunya ne a yi rubutu a wannan fanni ba a ambaci gagarumin aikin Farfesa ba." Ya sa cikakken sunan kansa a cikin jimlar kamar na wani daban, ya ja masa layi.

Bayan wata biyu amsar malamar ta iso, cike da ladabi. Ta ce ta bi umarni duka biyun. Mataki na uku, in ji ta, ƙa'idar Farfesan ce kalma da kalma; ta ɗauka ta shahara har ba ta buƙatar ambato. Yanzu ta ambace shi, ta kuma sake wa maƙalar suna: "Kuskure a Ƙa'idar Farfesa".

Ya miƙe ya sauko da gilashin falo, ya karanta abin da ya shekara ashirin yana nuna wa baƙi bai sake dubawa ba. Ita ce. Ko waƙafi bai canza ba.

Maƙalar ta fito, sunansa sau goma sha ɗaya a ciki, abin da ya daɗe yana roƙo. A ƙasan shafin farko kuma an rubuta: "Godiya ta musamman ga mai tantancewa, wanda ba mu san sunansa ba, da ya gano faranti mai lungu."

Abin da ya fi ci masa rai ke nan. Aiki mafi kyau da ya taɓa yi, kuma in ya ce nasa ne, to shi ne ya tura kansa aji ɗaya.

Ya nuna wa matarsa, yana neman a lallashe shi. Ta sa tabarau ta karanta a hankali.

"Ikon Allah! Wannan mai tantancewar ya san aikinsa," ta ce. "Malam, ka daure ka nemo shi ya riƙa duba maka naka."

Na ce mata to. Ai ba wahalar nema, kullum da safe shi nake aske wa gemu a madubi.