Yaya Mubashshir da Takalmi Mai Hanci Biyu

Ke Rumasa'u, ajiye tsintsiyar nan ki matso! Ummita, zo nan, wallahi tun a jirgi labarin nan yake cina. Kun san hutun nan ni na raka kakarmu Inna Tabawa Turkiyya aka yi mata aikin ido, mu da Kawu Ɗanlami. To kun tuna ɗansa, Yaya Mubashshir, mai karatu a can? Wanda kullum yake ɗora hoto cikin dusar ƙanƙara da wani tabarau kamar na mai walda, ya rubuta "Sarkin Tsalle" a ƙasa? Yauwa, shi!

Tunda muka sauka ya hana Kawu sakat, wai sai an saya masa takalmin zamiya nasa na kansa, ya gaji da na haya. Ba takalmi ba ne irin namu fa, wasu dogayen alluna ne guda biyu, a ɗaura maka a ƙafa ka sulalo daga kan dutse. Kawu ya ce shi bai taɓa sayen rago ta waya ba, sai ya gani da idonsa. In Yaya ya iya, a saya. In bai iya ba, kada ya sake jin zancen. Da za mu tafi dutsen Inna ta ce ƙafarta ƙafarmu, ido sabo ne, dole ta gwada shi. Muka naɗe ta da bargo kamar ƙunshin alala.

Muna shiga shago mai shagon ya kalli Yaya sama da ƙasa, ya ɗauko masa wani gajere na 'yan koyo. Ku ga yadda Yaya ya ɓata rai! Ya ture, ya je da kansa ya zaro wani mai zanen wuta.

Ya ce, "Abba, wancan mai hanci ɗaya na masu lallaɓawa ne. Mu 'yan tsalle mai hanci biyu muke hawa. Ka ga gabansa ya ɗaga sama, bayansa ma ya ɗaga. In ka tashi ka wulwula a iska ka dira da baya, haka zai ci gaba da tafiya, ba zai soki ƙanƙara ba."

Ya tanƙwara shi, wai sai mai laushi. Ya tsayar da shi a gabansa, wai tsayinsa ya tsaya tsakanin haɓa da goshi. Ya ce wurin sa ƙafa kuma sai a tsakiya cif, don gaba da baya su zama ɗaya. Kawu sai gyaɗa kai yake yi, ni kaina na fara cewa anya ba mu raina bawan Allahn nan ba?

Inna ta leƙo daga bargo ta ce, "Maigida, kai da ko tsanin soro ba ka hawa sai an riƙe maka?"

Ya ce, "Tsohuwa, ja bargonki ki sha kallo. Yau za ki san kin yi dacen miji."

Mai shagon ya ba shi na gwaji, muka fita filin tsalle. Akwai tuddai da aka tara, da wani dogon ƙarfe da ake zamewa a kai, yara ƙanana da ba su kai Ummita ba sai shawagi suke. Kawu da Inna suka tsaya daga ƙasa, ni na bi Yaya har saman gangaren. Sai ya juyo, ya ba gangaren baya, ya miƙo mini wayarsa. Ya ce, "Nusaiba, ki ɗauka da kyau, kada hannunki ya yi raw..."

Bai ƙarasa ba! Ina kallonsa yana ƙanƙancewa. Takalmin nan ya cika alkawari, wallahi bai soki komai ba, sululu ya ɗauke shi da baya. Fuskarsa tana kallona, hannuwa suna iyo a iska, yana ta kwarara salati, har da "Wayyo Umma!", alhali Umma tana Kano. Ya hau ƙaramin tudu, ya ɗan tashi, ya dira daɓas a zaune. Ya miƙe, takalmin ya sake ja da baya, daɓas! Ya sake miƙewa, daɓas! Daga nan ya haƙura, a zaunen ya ƙarasa gangaren, ya bar wata doguwar kwata a bayansa. Allo ɗaya ya suɓuce daga ƙafarsa ya yi gaba abinsa, sai wata yarinya ce ta kamo masa.

Na gangaro ina dariya har hawayena ya kusa daskarewa. Na tarar da shi a gaban Kawu yana karkaɗe wando, yana ɗingishi.

Ya ce, "Abba, da gangan na yi. Salo ne tafiya da baya, ba kowa ya iya ba. Wannan ɗin ne dai ya ɗan yi mini tsawo, in aka saya mini daidai ni za ka gani."

Kawu ya juya ya ce, "Inna, ke da idonki sabo, me kika gani? A saya?"

Inna ta gyara bargo ta ce, "A saya mana, Ɗanlami. Amma ƙafa ba ta yi aikin komai ba, kada ka wahalar da kanka da guda biyu. Nemo masa guda ɗaya mai faɗi, a ɗaura masa a inda yake sauka."