Ranar da Na Yi Wankan Jego

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da jajibirin sunan ɗiyata ta fari ba. Ina koyarwa a wata lekol a Magaria, kuma ina da wata cuta: duk abin da na kalla sau ɗaya a wayar salula, to na iya shi.

Akwai bishiyar dogon yaro a tsakar gidanmu, reshenta ɗaya ya tokare wurin da za a kafa rumfar baƙi. Maimakon in kira mai gatari, sai na aro zarto mai aiki da kuran, wato lantarki, wajen abokina. Wayar zarton ba ta kai ba, na ƙara da wata tsohuwa da ɓera ya ɗanɗana, na naɗe wurin da leda (a ganina gwaninta ke nan). Ƙasa kuwa jiƙe take sharkaf, don Goggo Hajara, goggon matata da ta zo daga Bande kula da mai jego, ba ta jima da gama yi mata wanka ba. Na tuɓe takalmina don kar laka ta ɓata shi. Takalmin na tausaya wa, ka ji fa.

Surukina yana zaune kan tabarma a inuwa, ya kira ni yadda ake kiran malamin lekol a wajenmu, ya ce, "Mushe, a dai bi a hankali."

Na sunkuyar da kai cikin ladabi, na ce, "Ba komai, Baba, na saba." Alhali rannan ne na fara riƙe zarton.

Da farko abin ya yi kyau, har ina satar kallonsa in ga ko na burge shi. Sai na kai hannu in janyo waya, na damƙi daidai ledar nan. Wani abu ya doke ni tun daga yatsu har ƙeya, hannu ya ƙi buɗewa. Da na ce "kuran", da kowa ya gane. Amma bakina sai ya zaɓi Hausar dangina na Daura: "Wuta! Wuta!"

Goggo Hajara gobara ta fahimta. Ta suri bokiti ta nufo ni a guje. Ina ganinta na tsorata ƙwarai, don na san in ruwan nan ya sauka kaina da kuran a hannu, gobe za a haɗa suna da zaman makoki. Ina son in ce kar ta watsa, harshe ya ƙi.

Matata ce, wadda aka hana ko leƙo ƙofa, ta fito ta kashe kontar, wato mitar kuran ɗin gidan. Hannuna ya saki, na zube zaune daɓas, ruwa ya biyo baya. Ashe ragowar ruwan wankan jego ne, da ɗuminsa, da ganyensa.

Goggo ta waiga hagu da dama, ta ce, "To wai ina wutar take?"

Surukina ya dube ni, ganye manne a goshina, ya ce, "Sannu, Mushe. Saura kunun kanwa."

Alhamdulillahi, ƙuna ce kaɗan a tafin hannu, kuma aka yi suna lafiya. Yanzu ba na taɓa kayan kuran sai ƙasa a bushe, takalmi a ƙafa, waya ba faci. Na kuma koyi kiran abu da sunan da mutanen gida suka sani. Ɗiyar ma ta shiga lekol, amma har yau in Goggo ta bugo waya, sai ta gama gaisawa da matata ta ce, "Ba ni ɗaya mai jegon."